Guda Uku Aka Ce A Kawo

Ni maƙerin fari ne a Kiyawa, mahaifina ma haka. Ba ma ƙera fartanya ko garma, aikinmu azurfa ce da tagulla: zobba, 'yan kunne, awarwaro. Haka dai ake cewa. A zahiri kuwa, abin da nake ci da shi a shekarun nan gwangwanayen lemo ne da tsofaffin tukwanen alminiyam, in narka in zuba ludayi da cokula in kai kasuwar Shuwarin. Matan garinmu sun koma sarƙar kanti wadda ake kawowa daga Kano a leda, ta yi wata biyu tana walƙiya, ta koɗe, a sayi wata. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Sai in yi wata guda ban taɓa azurfa ba, in ma na taɓa, gyara ne.

Matata ce ta ji sanarwar a rediyo tana tankaɗe. Wata ƙungiyar masu zane da sana'o'in hannu za ta yi baje koli a Dutse, kuma ba duk wanda ya kawo kaya za a baje wa ba. Za a zaunar da alƙalai su duba, abin da suka zaɓa shi jama'a za su gani. Ta leƙo maƙera da gari a hannunta ta gaya mini. Na ce wannan na 'yan boko ne masu fenti. Ta ce ai ta ji an ambaci maƙera da bakin mai sanarwar. Kwana uku tana maimaita zancen, a na huɗu na hau mota zuwa Dutse don in huta.

A ofishin da aka kwatanta, wani ma'aikaci ya ba ni fom, ya karanta mini sharuɗɗan da yatsansa a kan layi. Kowa guda uku zai kawo, ba ƙari. Dole su zama aikin hannun wanda ya kawo su, kuma zai sa hannu a kan haka. Za a bar kayan a wurinsu mako guda. Na tambaye shi ko alƙalan sun san ƙira. Ya ce akwai wata malama a cikinsu da ke koyar da fasaha a babbar makaranta, ita ta san komai. Na ninke fom ɗin na sa a aljihu. A hanyar dawowa, abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda nake ta ciro fom ɗin ina dubawa. Ina da shekara arba'in da huɗu, ba wanda ya taɓa cewa in kawo aikina a duba shi don kawai a duba.

Da na isa gida na ɗauko akwatin ƙarfen da nake ajiya, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, na juye. Sai a lokacin na gane abin da ban taɓa tunani ba. Maƙeri ba ya riƙe aikinsa mai kyau. Duk abin da ya yi kyau yana wuyan hannun wata, ko a yatsan wani, a garin da ba ka sani ba. Abin da ke zama a akwati shi ne wanda aka ƙi.

Akwai zoben azurfa mai jan dutse da na yi wa wani mutumin Aujara, ya matse masa yatsa, na yi masa wani na ajiye wannan. Akwai mundayen tagulla biyu da suka yi baƙi. Akwai sarƙa guda wadda na yi kwana tara ina haɗa ƙwayoyinta, amma in ka ɗaga ta sai ta karkace gefe ɗaya. Matata ta cire 'yan kunnen da na ƙera mata lokacin haihuwarta ta fari, ta ɗora a kan ƙyallen. A can gefe, ƙulle a tsumma, akwai awarwaron mahaifiyata. Baba ne ya ƙera mata shi tun kafin a haife ni, da ta rasu ya faɗo a rabona. Shi ba ya cikin lissafi, na ture shi gefe.

Na daɗe ina kallon ƙyallen. In ɗauki wannan in ajiye, in juya wancan. Ko wanne na ɗaga, idona sai ya tafi kai tsaye wurin da na yi kuskure a cikinsa, ga inda sinadarin liƙi ya taru a haɗi, ga inda magagari ya zame ya bar tabo.

Sai na tuna da aikin da na fi yarda da shi a rayuwata: awarwaro biyu na azurfa da na ƙera wa wata Bafulatana a wata ruga gaba da Miga, shekara shida da suka wuce. Na san ranar da na gama su ban iya cin abinci ba don murna. Na ce zan je in roƙe ta ta ara mini su na mako biyu.

Na tafi ta Jahun, na sauka a Miga, na hau acaɓa zuwa rugar. Na tarar da ita a gindin bishiya tana wanke ƙwarya. Ta tsufa fiye da yadda na zata. Da ta gane ni ta fara wasan da ke tsakanin Fulani da maƙera, ta ce yau kuma me mai cin gawayi ya zo nema. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta ajiye ƙwaryar ta miƙo mini hannayenta biyu. Awarwaron roba ne a kai, ja da kore.

"Maƙeri, ka makara," ta ce. "Daminar bara ruwa ya ci mana gero, shanu suka kama ciwo. Na kai su kasuwar Jahun."

"Wa kika sayar wa, Inna? Ko zan same shi?"

"Wani mai sikeli. Bai ma dube su ba, ya ɗora ya auna. Ya ce narkawa za a yi."

Ta ga fuskata, sai ta ce, "Sun yi kyau kam. Duk bikin da na je sai an tambaye ni." Ta dama mini fura, na sha don kada ta ji ba daɗi. A kan acaɓar dawowa na riƙa lissafa sauran mutanen da na taɓa yi wa aiki mai kyau, ina tunanin nawa ne a cikinsu suka gamu da mai sikeli. Ban ƙara zuwa neman kowa ba.

Saura kwana biyu a rufe karɓa, matata ta ce, "Malam, ka kai wa Baba ya zaɓa maka mana."

Baba a lokacin ya haura tamanin. Shekara uku ke nan da ciwo ya shanye masa ɓarin hagu, yanar ido ta rufe masa gani, tunaninsa kuma yana zuwa yana tafiya. Wata rana ya ba ka labarin abin da ya faru yana saurayi ba tuntuɓe, wata rana ya tambaye ka ko an yi azahar sau uku. Hannunsa na dama ne kawai bai canza ba. Da shi ya koyar da ni, tun ina ɗan shekara tara. Koyarwarsa ba magana a ciki. In na gama abu in miƙa masa, sai ya shafa shi da babban yatsa, in bai yi masa ba ya jefa a kaskon narki ya ci gaba da aikinsa. In ya yi masa, ya ajiye a gefe. Shi ke nan. Ban taɓa jin ya ce ya yi kyau ba, ko sau ɗaya.

Da hantsi na ɗauki ƙyallen gaba ɗaya na kai zaure inda yake zaune a kan buzu. Na yi masa bayani a hankali. Ranar tunaninsa yana kusa. Ya ce, "Alƙalai? Alƙalan ƙira?" Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya miƙo hannu.

Na fara ba shi zoben. Ya juya shi, ya sa farce a gindin dutsen. "Sinadari ya yi yawa." Ya ajiye. Na ba shi sarƙar, ya ja ta tsakanin yatsunsa tun daga farko har ƙarshe. "Ƙwayoyin ba ɗaya ba ne. Ka gaji a tsakiya." Gaskiya ne, a kwana na biyar na gaji. Mundayen ko juya su bai yi ba. 'Yan kunnen ya ɗan daɗe da su, ya ce, "Ba laifi." Na ji daɗin wannan har na sunkuyar da kai.

Sai ya laluba ƙyallen da kansa ko akwai saura. Hannunsa ya faɗa kan tsumman da na manta ban cire ba. Kafin in yi magana ya kwance shi.

Awarwaron kitso ne, zaren azurfa shida, kowanne siriri kamar zaren ɗinki, an kitsa su kamar gashin kai. A kawunansa biyu akwai ƙananan ƙwayoyi kamar gero a kan zangarniya. In ka nemi inda aka haɗa ba za ka gani ba. Baba ya sa babban yatsa ya bi kitson, ya kai ƙarshe, ya dawo. Ya sake bi. Ya kai shi kusa da kunne ya ɗan ƙwanƙwasa da farce. Ina kallon fuskarsa, ina jira ya ce wannan ai na uwarku ne.

"Yaushe ka yi wannan?" ya ce.

Bai jira amsa ba.

"Wannan za ka kai. A nan hannunka ya zauna." Ya riƙe shi a tafinsa kamar yana auna nauyi. "Ashe ka iya. Ka ɓoye mini."

Shekara talatin da biyar ina jiran wannan maganar. Na buɗe baki in gaya masa, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Baba." Na tattara ƙyallen na fita.

Matata tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta biyo ni maƙera ta tsaya a kaina.

"Ba za ka gaya masa ba?"

"Zan gaya masa."

"To, kai shi Dutse fa? An ce aikin hannunka."

"Na ji abin da aka ce."

Sai ta ce, "Ni na sa ka a wannan abin." Na ce ba ita ba ce. Ta koma ciki.

Na yi wa kaina hujjoji da yawa a wannan yinin. Na ce ƙirar gidanmu ce, ni da Baba maƙera ɗaya muka zauna. Na ce ba sayar da shi zan yi ba. Na ce in an ga awarwaron, za a waiwayi sauran biyun da idon rahama. Akwai kuma wani dalili da ban faɗa wa kaina a sarari ba sai daga baya: ina so in ga ko alƙalan za su bambance. In suka ɗauki duka ukun, ko suka ƙi duka ukun, to tazarar da ke tsakanina da Baba a kaina take kawai.

Na dafa zoben da 'yan kunnen da awarwaron a ruwan tsamiya, na goge su har suka yi fari. Washegari na kai su Dutse. Ma'aikacin ya rubuta guda uku, ya juyo mini da fom ɗin. Na sa hannu. Ban ji komai ba lokacin, sai da na fito na tsaya a bakin titi ina kallon duwatsun garin, na rasa inda tashar mota take, ni da na san Dutse tun ina yaro.

Bayan kwana takwas aka kira ni a waya ina tsakiyar zuba ludayi. Muryar mace ce, ta ce ita ce malamar da ke cikin alƙalai. Ta taya ni murna. An zaɓi guda ɗaya daga cikin ukuna.

"Wanne, ranki ya daɗe?"

"Awarwaron mana, Malam. Ba mu yi minti biyu a kansa ba."

Na ce na gode. Narkakken alminiyam ɗin ya daskare a kasko kafin in tuna da shi.

Ranar buɗewa na sa babbar rigata ta salla. Matata ta ce kanta na ciwo, ba ta je ba. Zauren cike yake da zane-zane a bango, da tukwane, da kayan saƙa, da jakunkunan fata. Awarwaron yana cikin ƙaramin akwatin gilashi a kan baƙin yadi, an haska shi da fitila, ga kati a gefe da sunana da sunan garinmu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ni na san shi a wuyan hannun mahaifiyata, yana karo da bakin turmi in tana daka, da kumfar sabulu a cikin kitsonsa. Mutane suna sunkuyawa suna ɗaukar hotonsa da waya. Wani dattijo ya kama hannuna ya juya tafina yana kallo, ya ce Allah ya yi wa hannun nan albarka.

Malamar ta same ni a nan. Mace ce mai kimanin shekaruna, da tabarau, ba ta da yawan murmushi. Ta tambaye ni yadda na ja zaren ya yi siriri haka bai tsinke ba, da yadda na ɓoye haɗin. Na ba ta amsa daidai, domin na sha ganin Baba yana yi: sau nawa ake mayar da zaren wuta, yadda ake shafa masa kakin zuma kafin a ja shi ta hudar ƙarfe, yadda ake tura bakin zaren ƙarƙashin ƙwayoyin. Tana ji tana gyaɗa kai.

"Zan gaya maka gaskiya, kada ka ji haushi," ta ce. "Zoben da 'yan kunnen aikin kasuwa ne. Suna da tsabta, amma akwai irinsu ko'ina. Da su kaɗai ka kawo, da ba mu kira ka ba. Na san ciki ne ke sa mutum ya yi irin wancan. Amma wanda ya yi wannan," ta nuna gilashin, "bai kamata ya ɓata hannunsa ba."

Na ce haka ne.

Ta ce akwai wani baje kolin da ya fi wannan girma da za a yi a Kano bayan damina. In na ƙera guda uku irin wannan, ita da kanta za ta gabatar da ni. Ta rubuta lambata a littafinta. A wurin karɓar kaya aka miƙo mini zoben da 'yan kunnen a cikin ambulan, da takardar yabo mai zanen zinare a gefe.

Baba ya sa na ba shi takardar ya shafa. Daga ranar duk wanda ya shigo zaure gaishe shi sai ya ji labari. Mutumin da bai taɓa ambatona a gaban mutane ba, sai ga shi yana cewa, "Yaron nan an kai aikinsa Dutse, alƙalai sun zauna." Abubuwa da yawa suna zame masa, amma wannan ya zauna daram.

Na yanke shawarar in mayar da ƙaryar gaskiya. In na ƙera irinsa, ko da guda ɗaya ne, to abin da na sa wa hannu ya zama gaggawa kawai, ba ƙarya ba. Haka na gaya wa kaina. Na ajiye ludayi. Ba ni da azurfa, don haka na cire jan dutsen na narka zoben, na narka sarƙar. Da aka rufe baje kolin aka dawo mini da awarwaron, na ajiye shi a gabana a kan uwar maƙera, na fara jan zare.

Zaren yana kai rabin sirantar da nake so sai ya tsinke. Na mayar wuta, na sake ja, ya tsinke. Da na samu shida da suka kai, na fara kitso, sai na ga abin da ido ba ya gani daga nesa. Nawa kitson yana numfashi, nan ya matse, nan ya saki. Na Baba kuwa kamar ruwa ne ya kwanta. Na warware, na sake, azurfar ta yi tauri ta karye. Na narka. Kowane narki azurfa tana raguwa kaɗan, tana bin kasko, tana bin gawayi. A mako na uku abin da ya rage bai isa awarwaro ba.

Matata ta shigo ta ga ina zaune ba na komai. Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan uwar maƙera.

"A'a," na ce. "Su kaɗai Baba ya ce ba laifi."

"Ka ƙara da su. In ka yi, ka yi mini wasu."

Da na ƙi taɓa su da ya fi. Kwana biyu suna nan ajiye, a na uku na jefa su a kasko.

Na kai mako bakwai a haka. Damina ta sauka, gawayi ya yi sanyi, ban je Shuwarin ko sau ɗaya ba, abin da ke cikin rumbu muke ci. A ƙarshe na gama guda. Na dafa shi a tsamiya, na goge, na ajiye shi kusa da na Baba a kan farin ƙyalle, na kira matata. Ta duba wannan, ta duba wancan. Ba ta san ƙira ba, amma tana da ido. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Malam." Na jira ta koma ciki, na mayar da shi wuta.

Ban san ko rashin baiwa ba ne, ko shekarun da na yi ina zuba alminiyam ne suka kashe mini yatsu. Wataƙila da ina jan zare kullum kamar yadda Baba ya yi a zamanin da ake layi a ƙofar maƙerarsa, da na kai. Wataƙila kuma da ban kai ba. Ba ni da hanyar sani, kuma ba ni da sauran azurfar gwadawa, sai wani ɗan dunƙule kamar ƙwallon dabino.

Malamar ta kira sau biyu, na ce ina kan aiki. A na uku na fita bayan gida inda ba kowa, na gaya mata. Na ce awarwaron mahaifina ne ya ƙera shi, shekara kusan hamsin ke nan, ni nawa su ne biyun da aka dawo mini da su.

Sai ta tambaye ni:

"Mahaifin naka yana da rai?"

"Yana nan."

"Yana iya aiki?"

"Ba ya gani. Hannunsa ɗaya ya mutu."

"Akwai wanda ya koya a wurinsa bayan kai?"

"Ni kaɗai ne."

Na ji ta ja numfashi. Ta ce dole ta sanar da sauran alƙalan, kuma ba za a sake karɓar kayana ba. Na ce na sani. Ban ji fushi a muryarta ba, da ta yi faɗa da na fi jin sauƙi. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta kashe. Ba mu sake magana ba.

Da la'asar ɗin ranar na je zaure na zauna a gaban Baba, na sa masa awarwaron a hannu.

"Baba, wannan ba ni na yi ba. Kai ka yi shi. Na Inna ne."

Ya bi kitson da yatsa a hankali. Ya daɗe.

"Na uwarku?"

"Eh."

"Shekarar da aka yi fari," ya ce. "Da tsabar kuɗin azurfa guda biyu na yi shi." Ya ɗago kai. "To, naka fa? Me alƙalan suka ce?"

"Ba su ɗauka ba."

"Kawo su in sake ji."

"Na narka su, Baba."

Ya ajiye awarwaron a kan buzu. Bakinsa ya motsa kafin magana ta fito. "Ni na saba maka da haka," ya ce. Ya juya fuskarsa wajen bango. Na zauna ina jira ko zai ƙara wani abu, har aka kira magariba, na kama shi na kai shi alwala.

Washegari da safe na kawo masa koko, na tarar da maƙwabcinmu ya shigo gaishe shi. Baba yana cewa, "Ai yaron nan an kai aikinsa Dutse. Kitso shida, ba ka jin haɗi. Ni kaina ban taɓa yin irinsa ba." Maganar jiya ta tafi gaba ɗaya. Bayan mako guda na sake gaya masa. Ya sake juyawa bango, wannan karon har da hawaye a idon da ba ya gani. Kwana ɗaya ya manta. Na ga ba abin da nake yi sai sa tsoho kuka don in sauke nawa nauyin, na bari.

Ya rasu bayan an gama yankan gero, ran wata Laraba da hantsi, ba tare da doguwar jinya ba. Muka kai shi, muka dawo muka zauna a ƙofar gida karɓar gaisuwa. Mutane sun zo daga Aujara, daga Jahun, har da wasu tsofaffin Fulani da suka ce shi ya ƙera wa matansu kayan aure. A rana ta uku limamin unguwarmu ya matso kusa da ni, ya dafa gwiwata, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in gode wa Allah, ba kowane ɗa ne ubansa ke tafiya yana alfahari da shi ba. Ya ce ko a makon ƙarshe da ya shiga duba shi, zancen Dutse yake yi. Mutanen da ke kan tabarma suka gyaɗa kai, wani ya ce ai gidan bai mutu ba tunda ga magaji.

Na ce, "Allah ya jiƙansa." Suka ce amin. Wasu baƙin suka iso, na miƙe na ba su hannu.